Ido shida a kan dusar ƙanƙara

Tun ina ɗan shekara 12 nake saka gilashi, kuma ba na gayu ba, na likita ne, irin wanda in na cire shi sai mutum ya matso dab da ni kafin in gane ko waye. Mainos 4.5 ne idon dama, na hagun ma ya ɗan fi haka lalacewa. Tun muna yara abokai suke ce min mai ido huɗu har na saba na daina jin haushi. To ranar da na fara zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wannan da ake ɗaura dogayen falankai biyu a ƙafa a gangaro daga saman dutse, wato siki, duk tunanina a kan ƙafa da gwiwa yake, kar in je in karye, sai kuma sanyi, na jibga riguna kamar me. Ido kam wallahi ko a raina ban kawo ba. Ai ina da gilashi, me kuma ya rage?

A wajen ba da aron kaya aka miƙo min takalmi da sanduna da hular kwano, sannan aka ɗora min da wannan ƙaton tabarau mai soso a gefe da maɗaurin roba da ke zagayowa ta ƙeya, gogul dai ake ce masa, ba na bincike a intanet ba fa. Babu wanda ya tambaye ni komai game da gilashina, nima ban ce komai ba, na tura gogul ɗin a kansa da ƙarfin tsiya ya shiga. Tun kafin in kai kan kujerar da ke ɗaukar mutane zuwa sama na fara jin hannayen gilashin suna nutsewa cikin naman gefen kaina, karan hancina kuma kamar an ɗora masa dutse. Nace to jarumta ce, a daure. Muna isa sama na ɗan yi fama da tashi daga faɗuwa ta farko, jiki ya ɗau zafi, sai kawai duniya ta ɓace. Fari fat. Ina jin muryar mai koya mana yana cewa in biyo shi amma ban san ta ina yake ba. Na ɗage gogul ɗin zuwa goshi, na zare gilashin na goge da safar hannu wadda ita ma jiƙe take, na mayar, na sauke gogul, taku biyar tururi ya dawo har ya fi na da. Sau nawa na yi haka ban ƙirga ba. Daga ƙarshe nayi tsaki na cusa gogul ɗin a aljihu na ƙarasa yinin da gilashina kawai, kuma ranar rana ce tarwai, sama garau babu ko ɗigon gajimare, har ina jin daɗi wai yanzu ne nake gani da kyau.

Wajen ƙarfe biyun dare na farka kamar an kwashi yashi an zuba min a ido duka biyun. In na buɗe zafi, in na rufe zafi, hawaye kuma shaɓe-shaɓe ba tare da ina kuka ba, na jawo waya in duba lokaci haskenta ya soke ni kamar allura. Na yi ta wanke ido a bayi ina neman abin da ya faɗa ciki, babu komai. Da safe abokin tafiyata ne ya riƙe min hannu har wajen likita, ita kuwa ko mamaki ba ta yi ba, ta ɗiga wani abu mai ruwan ɗorawa ta haska da shuɗin haske, tace malam ƙuna ce, rana ce ta ƙona maka fatar saman ido. Tace irin abin da ke samun mai walda in ya yi aiki ba tare da baƙin gilashinsa ba, ciwo ɗaya ne sak, sai dai shi wuta ce ta ƙona shi kai kuma dusar ƙanƙara. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ban ji komai da rana ba, shi wannan ciwon ba ya nuna kansa nan take, sai bayan kamar awa 6 zuwa 12 yake tasowa, shi ya sa kusan kowa cikin dare yake kama shi. Sa'ar da ake yi ita ce wannan fatar tana saurin warkewa, kwana ɗaya zuwa biyu yawanci an wuce wurin. Ni kwana biyu na yi a ɗaki da labule a sauke, daga cikin kwana biyar ɗin da na je yi.

Abin da ya ƙona ni wani sashe ne na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa sabuwar dusar ƙanƙara tana iya dawo da har kashi 80 cikin 100 na wannan hasken sama, alhali busasshen yashin bakin teku kusan kashi 15 kawai yake dawowa da shi, ka ga bambancin ba kaɗan ba ne. Ga kuma tsayi, duk mita 1,000 da ka hau ƙarfinsa na ƙaruwa da kamar kashi 10 zuwa 12, saboda iskar da ke tace shi ta ragu. Garin Val Thorens na Faransa da mutane ke tururuwa yin siki, shi kansa garin a kan mita 2,300 yake zaune kafin ma ka hau ko'ina. Kuma kar gajimare ya ruɗe ka, mai yawa daga cikin hasken yana ratsa siririn gajimare ya iso, sanyi ma ba ya rage shi da komai, jikinka na rawar ɗari idonka na gasuwa.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ai da gilashi a idona, me ya sa bai tare ba? Amsar ita ce gilashin da muke sawa kullum an yi shi ne don hasken da ke zuwa ta gaba. A kan dusar ƙanƙara kuwa rana biyu ce, ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka, hasken yana shigowa ta ƙasan firem, ta gefe, ta saman gira, duk inda ya samu kafa, kuma nawa gilashin ɗan siriri ne irin na 'yan boko. Ko da lens ɗinka, wato fallen gilashin da kake gani ta cikinsa, na tare UV ɗari bisa ɗari, in gefe a buɗe yake an gudu ne ba a tsira ba. Mutanen Inuwit da ke zaune can ƙuryar arewacin duniya sun gane wannan tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna sassaƙa ƙashi ko hauren dabbar ruwa ko itacen da teku ya turo, su yi shi ya kwanta lif a fuska, su tsaga 'yar siririyar kafa ta gani, wasu har su shafa baƙin hayaƙi ta ciki. Babu gilashi a jiki ko kaɗan, amma dabarar ita ce dai ta yau, a toshe ko'ina a bar inda ake buƙata kawai.

To tunda gogul dole ne, matsalar mu masu gilashi ta koma guda ɗaya, tururi. Duk wanda ka gani a kan dutse da gogul a goshi ko a aljihu yana tafiya da gilashi tsirara, ba rashin hankali ba ne, tururi ne ya ishe shi kamar yadda ya ishe ni. Kuma na daɗe ina zagin gogul kafin wata rana a kan kujerar hawa na lura da kyau, na ɗan ɗaga shi na leƙa, ashe shi garau yake, gilashina ne ya yi gumi. Abin daidai yake da kwalbar ruwa da ka ciro daga firij, iska mai ɗumi da laima ta taɓa abu mai sanyi sai ruwan da ke cikinta ya kwanta a jiki. Fuskarka na fitar da ɗumi da gumi, gogul ya rufe su a ɗan ƙaramin ɗaki, suna neman abin da ya fi komai sanyi a ɗakin su kwanta a kai. Shi gogul an riga an yi masa maganin wannan tun 1965, lokacin da wani likitan haƙori Ba'amurke mai son siki, Bob Smith, ya gaji da rashin gani ya haɗa gogul mai lens biyu da iska kulle a tsakaninsu, da soso mai barin iska ta wuce, shi ne asalin kamfanin Smith da ke nan har yanzu. Lens na waje ya sha sanyi, na ciki ya zauna da ɗumi, sannan an shafa wa na cikin wani sinadari da ke hana ruwa taruwa ɗigo-ɗigo. Gilashinka fa? Falle ɗaya ne, babu shafin komai, kuma ka shigo da shi daga waje a sanyaye. Shi ne kwalbar firij ɗin a wannan ɗakin, dole shi tururi zai fara kamawa.

Abu na farko da na saya bayan wancan wahalar shi ne gogul da aka yi musamman don a ɗora a kan gilashi, za ka ga an rubuta OTG a kwalinsa. Bambancinsa da na kowa ba a ganinsa daga nesa, sai ka juya cikinsa, ya fi zurfi don kar gilashi ya riƙa gogar lens, sannan an yanke 'yar hanya a soso ko a firem ta dama da hagu inda hannayen gilashi za su bi su wuce ba tare da an danne su ba. Shawarata a nan ɗaya ce, kar ka saya a makance. Ka je da gilashin da za ka hau da shi, da hular kwanon da za ka saka, ka haɗa su duka uku a kanka a cikin shagon ka zauna da su kamar minti goma ko da masu shago za su riƙa kallonka. Ka girgiza kai, ka sunkuya, ka yi dariya ka ga ko kumatu na tura gilashin sama. In ka ji ɗan matsi a gefen kai a minti biyar, to ka sani a awa uku ciwon kai ne mai sa amai. Ka duba madubi kuma kar a samu fili tsakanin bakin hula da saman gogul, sanyi ta nan yake shiga ya daskarar da goshi, amma kuma kar hular ta danno gogul ƙasa ta toshe kafofin iskar da ke samansa, don ta nan tururi ke fita. Manyan gilasai masu faɗi ɗin nan da ake yayi, da yawansu ba sa shiga ko a OTG, ni sai da na koma wa wani tsohon ƙaramin firem na roba da na yasar a durowa.

Ko da OTG ɗin ban rabu da tururi ba sai da na canza halaye, kuma gaskiya rabin maganin a nan yake, ba a saye-saye ba. Babban laifina shi ne ɗage gogul zuwa goshi duk lokacin da na tsaya. Goshi gumi ne, hula kuma ko dai jiƙe take da dusa ko tana fitar da zafin kai ta kafofinta, ka ɗora gogul a wurin ka cika shi da laima, a daidai lokacin gilashinka da ya fara ɗumi ya sake shan sanyi, kana saukewa shikenan an koma gidan jiya. Yanzu in na saka tun a cikin ɗaki nake sakawa, gilashi da gogul duk da ɗuminsu, in fita da su a haka, kuma ba na ɗagawa sai zan shiga wani ɗakin. Na biyu ƙyallen rufe hanci da baki, da nakan tura bakinsa ƙarƙashin soson gogul don kar iska ta samu kumatu, ashe bututu na haɗa daga hancina kai tsaye zuwa gilashi, duk numfashin da na fitar can yake tafiya. Ka bar shi a ƙasan gogul, in za ka tsaya a layi ma ka sauke shi daga hanci. Na uku yawan kaya, wanda ya jibga riguna har yana gumi shi ya fi kowa shan tururi, gara ka ji ɗan sanyi a farkon hawa, in ka ji zafi na tasowa ka zuge zif ɗin wuya kafin ya kai fuska. Sannan motsi shi ne abokinka, kana gangarowa iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama tana share komai, tsayuwa ce ke kawo matsala, shi ya sa a layin jiran kujera abin ya fi tsanani. In ya fara a nan ba na cirewa, yatsa nake sawa in ɗan janye ƙasan gogul daga kumatu na 'yan daƙiƙu iska ta shiga. In dusa ta toshe soson sama bayan faɗuwa, a kakkaɓe ta tun kafin ta narke.

Maganin hana tururi da ake fesawa ko shafawa yana aiki, amma a jikin gilashinka za ka shafa, da daddare ko da safe a kan gilashi mai tsabta, don maiƙon yatsa da datti su ne tururi ya fi son kamawa. Cikin gogul kuwa kar ka taɓa shi in yana jiƙe, ko da ƙyalle mai laushi ne, wannan shafin na ciki in ya jiƙa laushi yake yi kamar danƙo, kana gogawa ka kwashe shi ka bar zane, ni da hannuna na kashe gogul ɗina na farko a haka cikin sati ɗaya. A girgiza ruwan, a bar shi ya bushe da kansa a ɗaki, ba a kan hita ba, kuma kar ya kwana a mota. Akwai masu 'yar fanka mai batir da ke zuƙe laima, akwai ma masu lens da batir ke ɗumamawa, wani da muka hau tare yana da mai fankar kuma ya rantse da ita, ni dai ƙarar a kusa da kunne ce ba zan iya ba.

Abin da na koma wa daga baya, kuma har yau a kansa nake, shi ne insat. Wani ɗan firem ne marar hannaye, kamar gilashin da aka cire wa ƙafafu, ka kai wa masu yanka gilashi su saka masa lens daidai lambarka, sai ka maƙala shi a cikin gogul ya kama da 'yan ƙafafun roba masu tankwaruwa. Ranar da na fara hawa da shi sai da na yi dariya ni kaɗai, babu abin da ke danna gefen kai, babu nauyi a hanci, kuma da yake ya ɗan yi nesa da fuska ya matsa kusa da lens ɗin gogul inda iska ke wucewa, tururin ya ragu sosai, ban ce ya ƙare ba, ranar da ake zubar da dusa mai laima har yanzu yakan ɗan kama ta gefe. Aibinsa kuwa ranar farko na gano shi, na shiga ɗakin hutawa na cire gogul kamar kowa sai na tuna idona na jikinsa, na tsaya a tsakiyar mutane ina lalube, allon da aka rubuta hanyar bayi ma ban iya karantawa ba, dole na mayar da gogul na riƙa yawo da shi a cikin ɗaki kamar ɗan sama jannati. Tun daga ranar gilashina na cikin gidansa mai tauri a aljihun ƙirji ta ciki, mai tauri fa, don za ka faɗi a kansa. Wani abin kuma, da yake nisan lens da ido ya canza, mai lamba babba zai iya jin ƙasa ta ɗan yi wani iri a awannin farko, ka gaya wa mai yanka maka cewa na cikin gogul ne don ya yi lissafinsa.

Kwantak lens, wannan da ake mannawa a ƙwayar ido, a gaskiya shi ya fi komai sauƙi ga wanda idonsa ya karɓa, ka saka ka ɗora duk gogul ɗin da ka ga dama, gefe da gefe duk kana gani. Masu tsoron wai zai daskare a ido su kwantar da hankali, ɗumin ido da hawaye ba sa bari. Matsalarsa bushewa ce, iskar saman dutse a bushe take ƙamas, ni zuwa azahar ji nake kamar leda ce a idona, shi ya sa na haƙura. In za ka gwada, irin na kwana ɗaya a yar ya fi, ka riƙe na sauyi da ruwan ɗigawa a aljihun ciki inda ba za su daskare ba, kuma kar ranar hawa ta zama ranar da ka fara koyon saka shi. Wasu kwantak ɗin an rubuta suna tare UV, gaskiya ne amma iya inda suka rufe, farin ido da fatar ido suna waje, gogul na nan daram. Akwai kuma hular kwano mai haɗe da gilashin da ake saukewa kamar ta masu babur, masu gilashi da yawa na sonta don fili ne a ciki kuma ba ta cika tururi ba, sai dai in kana gudu iska na kutsowa ta ƙasa har ido ya yi ta hawaye, ga mai tafiya a hankali ranar da gari ya yi kyau dai ba laifi.

Sai maganar duhun lens, inda mutane da yawa ke ruɗewa. Duhu daban, tare UV daban. Lens fari tas zai iya tare UV gaba ɗaya, baƙi ƙirin kuma ya bar shi ya wuce, kuma wannan na biyun ya fi rashin sakawa muni, don a duhu baƙin ido buɗewa yake yi ya ƙara faɗi, ka ga ka buɗe wa ɓarawo ƙofa kenan, garin neman gira a rasa ido. Abin da za ka nema a rubuce shi ne UV400, ma'ana yana tare hasken UV kusan gaba ɗaya, in kuma ka ga EN 174 a jiki to ya cika tsohuwar ƙa'idar Turai ta gogul ɗin siki. Shi duhun an kasa shi daga S0 zuwa S4 gwargwadon hasken da yake bari ya shigo. S1 na barin kashi 43 zuwa 80, na ranar hazo da zubar dusa ne, S2 kashi 18 zuwa 43, S3 kashi 8 zuwa 18 na rana tsaka, S4 kuwa kashi 3 zuwa 8 kawai, sai can saman manyan duwatsu, S0 kusan fari ne na hawan dare. In ɗaya kawai za ka mallaka ni S2 zan ce. Ranar da gajimare ya rufe akwai wani yanayi da inuwa ke ɓacewa gaba ɗaya, sama fari ƙasa fari, tudu da rami duk su zama shafe ɗaya sai dai ka ji ƙafarka ta faɗa, a irin ranar lens mai ruwan ɗorawa ko ruwan hoda ne ke fito da ƙasa, baƙi kam makanta ce. Lens masu kashe ƙyalli ɗin nan kuma da ake yabawa wajen tuƙi, a nan ina ɗari-ɗari da su, don ƙyallin shi ke gaya maka ga inda dusa ta zama ƙanƙara mai santsi a gabanka.

Wani tarko na musamman ga masu gilashin da ke yin duhu da kansa in an shiga rana. UV ne ke sa shi duhu, kuma a sanyi ya fi yin baƙi ya kuma fi jinkirin washewa. To in ka tako daga masauki da shi a buɗe ya riga ya yi baƙi, ka ɗora gogul mai duhu a kai, duhu biyu kenan, kuma zai ɗau lokaci kafin ya saki. Ka saka gogul tun daga ciki sai gilashin ya zauna fari abinsa tunda UV ba ya isa gare shi. Haka iyayenmu da yayyenmu masu gilashi mai hawa biyu, sama na nesa ƙasa na karatu, a kan gangara ƙasan gilashin kake leƙa gabanka da shi, wato daidai wurin karatun, sai ƙasa ta yi dishi-dishi a inda ka fi buƙatar ganinta. Gara a yanka na nesa zalla don hawa, taswira in ta kama a miƙa wa yaro ya karanta.

Kuma a tuna faɗuwa dole ce. Lens na kwalba na ainihi ba shi da wuri a nan, in ya fashe a cikin gogul babu inda ɓaraguzan za su je sai ido. Polikabonet, wata irin roba mai tauri, shi ne wanda ke jure duka, ba shi da nauyi kuma shi da kansa yana tare UV, shi ake yin yawancin gogul da shi ma. Firem na ƙarfe mai 'yan ƙafafun nan a hanci shi ma na daina hawa da shi tun da na ga yadda ya yanka wa wata karan hanci da ta kifa da fuska, jini a kan farar dusa abin ba kyan gani. Masu sunobod, wato falanki ɗaya mai faɗi da ake tsayawa a kai a karkace, su abin ya fi shafa, don in bakin falankin ya kama dusa ba sanarwa, fuska ce ke fara isa ƙasa, sannan da yake a gicciye suke tafiya ta wutsiyar ido suke ganin rabin hanya, kaurin firem da hannun gilashi kuwa daidai nan suke tsayawa. Ƙanina da ke yin sunobod sati ɗaya ya yi da OTG yace yaya ni fa ba na ganin masu zuwa ta bayana, ya koma kwantak bai sake waiwaya ba.

In kuma an riga an makara dare ya yi ka ji yashin nan a ido, ka cire kwantak in da shi, kar ka murza ko kaɗan duk da hannu zai yi ta kai kansa, ka jiƙa ƙyalle da ruwan sanyi ka ɗora a kan ido a rufe, ka kashe fitila, maganin ciwon jiki na yau da kullum yana rage zugin. Akwai wani maganin kashe zafi da likita ke ɗigawa lokacin dubawa, cikin daƙiƙu za ka ji kamar an cire maka ƙaya, na roƙe ta ta ba ni in tafi da shi tace a'a malam, in ka yi ta ɗiga shi hana fatar warkewa yake yi har ya jawo gyambo. In an wuce kwana biyu bai lafa ba, ko gani ya ragu, ko ido ɗaya ne kawai ke ciwon, a koma asibiti don wataƙila wani abin ne daban.

Hawan da na yi na ƙarshe dusa aka yini ana zubawa, na saka lens mai ruwan hoda da insat a ciki tun daga ɗaki, ban ɗaga shi ba sai da muka sauko cin rana. A kan kujerar hawa na zauna kusa da wani saurayi, gogul a goshi, gilashi a hannu yana ta goga da bakin riga yana tsaki. Nace ɗan'uwa sauke ƙyallen nan daga hancinka tukuna, ka mayar da gogul ɗin ka bar shi ko da ba ka gani, kafin mu kai sama zai washe. Ya kalle ni da ido tsirara a ƙanƙance, da alama bai ma ga fuskata ba, ya dai mayar. Muna wuce na shida ko na bakwai daga cikin turakun ƙarfen da ke riƙe da igiyar kujerar naji yace kai, ashe akwai bishiyoyi a wurin nan.